Ƙullin Ƙwayar da Ake Raba Mana a Bakin Gona

Zuwa ga Shugaban Sashen Lafiya na ƙaramar hukumarmu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa, ni ne Malam Ɗanjuma, manomi a wani ƙauye kan hanyar Tsanyawa. Ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a sassauta mini ko kalma ɗaya.

Shekara da shekaru ina fama da gyambon ciki, wanda kuke kira olsa. Duk zuwana ƙaramin asibitinku maganar ɗaya ce: bar yaji, bar goro, bar tsami. Na bari. Miyar gidana ta koma salam, mai ɗakina ta sha zargi a banza, ciwo kuwa yana nan.

Ƙorafina uku ne. Na farko, ba wanda ya taɓa tambayata me nake haɗiya. A nan, in aka ɗauki mutum ƙwadago, mai gona kan miƙa masa ƙullin maganin gajiya a leda, ja da fari da ruwan ɗorawa, kamar ana rabon goro. Da sassafe muke afawa, ko koko babu a ciki. Sai da na yi aman jini a tsakiyar gero aka kwashe ni zuwa Kano, sannan wata likita ta ce ƙwayoyin nan ne ke cin cikina. Tir!

Na biyu, mai sayar da su yana nan kowace ranar kasuwa, ya baje su a faranti cikin rana. Ma'aikatanku ta gabansa suke wucewa, har gaisawa suke yi.

Na uku shi ya fi ci mini rai. Ɗana Sale, wanda ke riƙe da gidan yanzu, ya fara dafe ciki yana jiƙa kanwa yana sha, yadda na fara. Na hana shi ƙwayar, ya ce da tana da illa da hukuma ta hana. Shirunku ya fi bakina ƙarfi a kunnensa.

Don haka ku zo kasuwa da lasifika ku faɗa da bakinku, masu gona su ji, Sale ya ji. Ku kwashe farantin nan.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya raba cikinka da irin nawa. Amma a ba ni amsa kafin ruwan shuka ya sauka a fara rabon ledar: me ya sa kuka hana ni yaji kuka bar mini guba?

Wassalam.

Malam Ɗanjuma