Ban Sallami Tauraro Ba

Sanyuanli, Guangzhou

Ƙanena Izzuddeen,

Assalamu alaikum. Yaya Safiya da yara, yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sai ciwon baya na yawon kasuwa, wanda ba abin damuwa ba ne.

Saƙonka ya iso. Sai da Tauraro ya yi wata uku da mutuwa sannan ka ga damar faɗa mini, wai "ai kare ne, Yaya." Karen da ya ciyo kofi biyu a gasar biyayya! Kai da sai an kira ka sau uku kake amsawa.

Ka ce kafin ya mutu kullum yana komawa bakin ƙofa ya zauna, ya ƙi wasa. Ba ciwo ba ne. Ranar tafiyata na ce masa "jira," na shige mota da sauri ban sallame shi ba. Haka na horar da shi, sai na tafa sau biyu yake tashi.

Don Allah ka je inda kuka binne shi ka tafa sau biyu. Maƙwabta su yi dariyarsu. Na gaji da ganinsa zaune a cikin raina.

Allah ya yi muku albarka.

Yayarka,
Lauratu