Bayan Zana

Litinin, 6 ga Mayu, 1963
Malama Dorothy ta iso daga Kaduna. Wata guda za ta yi tana horar da ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo a makaranta, in ta gama ta zaɓi biyu su bi ta gidan rediyo lokacin hutu. Ni ta ba wa matsayin budurwar da aka yi wa ƙage! Sak irin ta littattafan soyayyar da ƙawata Nnenna ke ɗebo mini a ɓoye daga shagon babanta a Kasuwar Litinin. Kaduna. Ko jirgin ƙasa ban taɓa gani ba.

Alhamis, 9 ga Mayu
Kashina ya bushe. Lauratu, 'yar Kanon nan, ta miƙo wasiƙar ƙagen, na nuna wajenta zan ce "Wannan ƙarya ce!" Harshena na Barebari ya ce karya.
"Ni ce karyar, Gumsu? To bari in yi haushi."
Ta yi kuwa, har da kaɗa gindi. Nnenna ma sai da ta yi dariya.

Juma'a, 10 ga Mayu
Na roƙi Malama ta cire ni. Lauratu ta karɓi matsayina. Ni yanzu bayan zana nake zama da takardar wasan, duk wadda ta manta layinta in raɗa mata.

Talata, 14 ga Mayu
Zafi. Ta hudar zana nake kallonsu. A littafi yarinya kan yi shiru wani ya zo ya gano ta. Nan tururuwa ce kaɗai ta gano ni.

Asabar, 18 ga Mayu
Malama ta leƙo ta durƙusa kusa da ni. Wai ita 'yar Garkida ce, shekara guda ta yi tana kiran ƙasar haihuwarta kasa, macijiya. "Toshe numfashi a maƙoshi, ƙanwata, sannan ki fasa shi kamar gyaɗa."
A takarda na iya lanƙwasa harafin. Bakina ne ya ƙi.

Asabar, 25 ga Mayu
Na gwada a bakin rijiya. Inna ta ce ko ƙashin kifi ne ya maƙale mini.

Asabar, 1 ga Yuni
An yi wasan bayan la'asar, iyaye cike da fili. Aka miƙa wa Lauratu wasiƙa, ta ƙame, layin ya ɓace mata. Na raɗa, ba ta ji ba. Na sake, ba ta ji ba. Ban san sadda na fasa gyaɗar ba: "Wannan ƙarya ce!" Har masu zama can ƙarƙashin dalbejiya suka waiga suna neman mai magana.

Litinin, 3 ga Yuni
Lauratu da Nnenna aka zaɓa. Malama ta ce za ta dawo bayan damina, wai zana ta yi wa muryata kaɗan.
Ko a jikina. Ni bayan zanar ma ya fi mini.
Na sake karanta layin nan na sama. Na faɗa masa abin da yake, da ƙarfi, ni kaɗai a ɗaki: ƙarya. Ta fito daidai.