Ɗan Autan Inna

At-Bashi, ƙarshen hunturu.

Zuwa ga ƙanena Kubat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da matarka Merim da yara, kuma sanyin Mosko bai karya ku ba. Allah ya ƙara maka ƙarfin aiki, ya tsare ka a kan ginin da kake hawa. Mu nan lafiya lau, sai dai gwiwata da ta saba. Tumakin Yaya Jumabek sun fara haihuwa, ƙanƙara kuma ta soma narkewa. Wannan narkewar ce ta hana ni sukuni, shi ya sa na zauna rubuta maka, tun da a waya da na ambaci ɗanka Tilek sai ka ce layi ba kyau.

Kubat, yaron nan yana lalacewa a hannuna ina kallo. Kai ka ɗauke shi yana jariri ka miƙa wa Inna, kamar yadda ake yi da ɗan fari a al'adarmu, ban ce ka yi laifi ba. Ya tashi yana ce mata uwa, yana ce maka Yaya, ita kuma ko a kasuwa cewa take ga autanta. To amma ka tuna ranar jana'izarta? Da 'ya'yanta maza suka jeru gaba, shi ma ya shiga, sai Yaya Jumabek ya kama kafaɗarsa ya ce ya koma baya wurin jikoki, ai tasa uwar tana da rai. Kana tsaye a wurin. Kowa aka yi masa ta'aziyya ban da shi, shi da yake ɗumama mata ƙafa kullum. Tun ranar na daɗe ban ga hawayensa ba, ban kuma ga dariyarsa ba.

A makaranta abin ya fito. Ya daina karatu, ya fasa taga, wani yaro ya tsokane shi da maraya mai iyaye biyu, ya kuwa fasa masa baki. Na sha kira har kunya ta ishe ni. Na yi faɗa, na yi lallashi, na kai shi wurin liman an yi addu'a, shiru. Sai shugaban makaranta ya haɗa shi da Malama Saltanat, wadda ke zuwa daga Narin duk mako tana zama da yara masu damuwa. Wallahi da farko raina ta na yi. Na ce wannan 'yar ficiciyar, da ko shayi ban yarda ta iya dafawa ba, ita za ta gyara abin da ya gagare ni? Makonnin farko ko uffan bai ce mata ba, ita ma ba ta matsa ba. Yumɓu ta ajiye masa, yana ta mulmula dawakai tana zaune. Daga baya ta koya masa in ya ji zuciya ta taso ya fita ya wanke fuska ya dawo, ta kuma roƙi malamai kada su hana shi. Faɗan ya ragu. Rannan ya dawo ido jajur, ya ɗauko gyalen Inna ya kifa fuska a ciki, ya yi kukan da aka hana shi. Ni ma na zauna na taya shi, daga nan ya cinye gurasa guda da man shanu.

Malamar ta kira ni ta ce ba hauka yake ba, ba kuma iskanci ba ne, makoki ne da bai sami wurin zama ba. Ta ce hanya ta buɗe, amma tana so ta yi magana da mahaifinsa, ko a waya ne, don yaro yana bukatar ya ji daga bakinka cewa yana da wani. Na aika maka ta wurin Merim, amsar da ta dawo ita ce kana jin nauyi, ba za ka iya ƙwace wa Inna ɗanta ba. Haba Kubat! Inna tana kabari, me za ta yi da shi?

Yanzu ga inda muke. Yaya Jumabek ya ji labari, ya zo yana huci, ya ce an mai da zuri'armu abin nuni, wai yaro a kulle da likitar mahaukata, gobe wa zai ba shi 'ya? Ya yanke cewa da zarar hanya ta bushe, Tilek zai bar makaranta ya bi shi kan dutse kiwon dawakai, iska da nonon goɗiya za su warkar da shi. Na ce masa dawakai ba sa tambayar mutum abin da ke damunsa, ya ce in rufe baki, ni mace ce ta gidan wasu. Gaskiyarsa, ba ni da iko. Kai kaɗai kake da shi, in ka yarda kai uba ne. Tun da Tilek ya ji ya koma shiru irin na da, dawakan yumɓun ma ya murƙushe su. Ba na ɓoye maka, na fara fid da rai, ina jin tsoron abin da zai yi can sama shi kaɗai da wannan zuciyar.

Ka gaishe mini da Merim, da yaranku Aizirek da ɗan ƙiba Nursultan. Surukinka, maigidana Temirbek, yana gaishe ka, Goggo Kalica ma haka. Na tambayi Tilek ko yana da saƙo, ya ce in gaida Yaya, in ce Allah ya raya masa 'ya'yansa.

Yayarka da ke jiran kiranka,
Burul