Ni Na Tsoratar da Jikana, Yanzu Ya Ƙi Shiga Bayin Unguwa

Assalamu alaikum Hajiya,

Don Allah ki taimake ni da shawara. Abin da ya dame ni ƙarami ne a idon mutane, har ina jin kunyar kai shi gaban dattawan masallacinmu, amma ni ya hana ni sukuni. Ki yi haƙuri da rubutuna, tsufa ya ɓata shi yanzu. A da ni akawu ne a tashar jiragen ruwa ta Tema, kuma tun a makarantar midil ake yabon rubutuna, amma wannan tsohon zance ne.

Shekaruna saba'in da takwas, ina zaune a Maamobi, a gidan haya mai ɗaki goma sha ɗaya. Matata ta rasu shekara huɗu ke nan. Bayan rasuwarta nakan wuni ban ce uffan ba sai amsa sallama. Daga baya Allah ya dube ni da idon rahama. 'Yar autata Salamatu tana sayar wa makanikai wake da shinkafa a Abossey Okai, mijinta Sulemana kuma direban babbar mota ne, yakan yi mako biyu bai ga gida ba. Da ta yaye ɗanta sai ta fara kawo mini shi da safe, ta ɗauke shi bayan la'asar. Sunansa Idrisu, sunan mahaifina ke nan. Sulemana ne ya yi mini wannan karamci ban roƙa ba, Allah ya saka masa da alheri. Saboda haka ba na kama sunan yaron, Babana nake ce masa.

Shekararsa biyu da wata tara. Shi ne ke shanye mini koko ya ce kyanwa ce. Ya mayar da sandata tirotiro, wato motar haya, yana kiran fasinja zuwa Kokomlemle, ni kuma dole in zauna sai ya sauke lodi. Hajiya, tun da yaron nan ya shigo ɗakina na koma cin abinci da marmari. Ko yau aka ɗauke shi, na gode wa Allah da abin da na samu.

Ga inda matsalar take. Gidanmu ba shi da bayi. Akwai shi a da, mai gida ya mayar da shi ɗakin haya tun da daɗewa. Kowa bayin unguwa yake zuwa, can ƙetaren gota, wato kwatar unguwa. Yaron ya iya zama a fo na yara sarai, ni na koya masa. Amma tankasi, wato masu duba tsabtar gari, sun gargaɗe mu a kan zubar da fo a gota, kuma Salamatu tana so ta sa shi makarantar yara bayan Babbar Sallah, inda su ma masai ne irin na tsuguno. Sai muka ce bari ya fara sabawa da na unguwa.

Zuwa biyu na farko lafiya lau. Matar da ke tsaron ƙofar wurin, Ƙaltume, mutuniyar kirki ce. Ba ta bari in bi layi, takan ce wa samari su matsa tsoho da ubansa su wuce, kuma ɗaki na ƙarshe take nuna mana don shi ya fi tsabta. Ban haɗa komai da ita ba, Allah kaɗai zai biya ta.

Rana ta uku na ce bari in koya masa yadda aka koya mini: a shiga da ƙafar hagu, a yi addu'a, a fito da dama. Na karanta, ya maimaita da gwarancinsa har Ƙaltume tana dariya. Sai ya tambaye ni don me ake yi. Ni kuma ban saba yi wa yaro ƙarya ba. Na ce muna neman tsari ne daga aljanu maza da mata, don wurin ƙazanta mazauninsu ne. Da a nan na tsaya ma da sauƙi. Sai na ƙara da nawa, Allah ya yafe mini, na ce wanda bai yi addu'a ba suna leƙensa ta cikin rami. So nake ya riƙe addu'ar kawai. Ina ɗaga shi kan masai sai ga kyankyaso ya fito daga ramin, a daidai lokacin kuma wani ya bugo ƙofar kwano ta ɗakin kusa da mu. Ihun da yaron nan ya yi har yanzu yana kunnena. Ya maƙale mini a wuya, ya jiƙa mini riga sharkaf.

Yau mako uku ke nan. Da mun doshi gota sai ya zauna a ƙasa yana kuka. Fitsari sai ya matse har ya zubo a wando, bayan gida kuwa yakan yi kwana biyu bai yi ba, cikinsa ya yi tauri. Ko fo ɗin ma sai ya leƙa cikinsa ya tabbata ba kowa. Wani abin kuma, ya ga yaran layi suna fitsari a tsaye, shi ma haka yake so, ni kuma ina hana shi saboda tsarki, sai mu yi ta rigima.

Salamatu ba ta san ni na jawo ba. Ta ɗauka baki ne ya kama shi, har ta karɓo rubutu wurin wani malami. A gabana ta ba shi ya sha, ina kallo ban hana ba. Shekaranjiya ta ce idan wata ya ƙare bai daidaita ba, za ta riƙa kai shi Kotobabi wurin surukarta Hajiya Memuna, don gidansu akwai bayi mai ruwa. Ba da faɗa ta faɗa ba, tana faɗa tana haɗa mini shayi.

Tunda na fara, bari in faɗi sauran. Gwiwoyina ba sa tsuguno. In zan riƙe shi a kan masai, sunkuyawa nake, hannu ɗaya a hammatarsa, ɗaya a bango, ƙasa kuwa kullum a jiƙe. Sau ɗaya jiri ya ɗebe ni. Wannan ma ban gaya mata ba.

Yaya zan cire masa tsoron nan ba tare da na ƙaryata addu'a ba? Kuma in na faɗa wa uwarsa gaskiya, ba shi ke nan na rasa shi ba? Na gode da kika karanta har nan.

Tsoho mai sanda, Maamobi

Wa alaikumus salam Baba,

Allah ya ƙara lafiya, ya jiƙan Mama. Rubutunka ya karantu tsaf, kuma ba ƙaramin abu ka kawo ba: cikin yaro ne, da ƙashin tsoho.

Mu fara da cikin. Yaron da ke kwana biyu bai yi bayan gida ba, ba lokacin darasi ba ne. A mayar da shi kan fo yau, ba tsawa, ba gori in ya jiƙa wando. A yawaita masa ruwa da gwanda da lemo. In cikin bai saki ba cikin kwana biyu, ko yana kuka wurin yi, a kai shi asibiti. Abin da ke cikin fo kuwa, babba ya kai bayin unguwa ya zubar, tankasi ba su da ta cewa.

Tsoron zai fita, amma a hankali. Ka daina ja da shi a bakin gota. In kai za ka shiga, ka tafi da shi a matsayin ɗan rakiya, ya zauna wurin Ƙaltume, ya ga ka shiga ka fito kana fara'a. Ku zaɓi hantsi, lokacin da layi ya watse kuma an wanke wurin. Bayan 'yan kwanaki a ɗauki fo ɗinsa a ajiye a bakin ɗaki na ƙarshe, ƙofa a buɗe, nesa da rami. Daga nan ciki. Masai shi ne na ƙarshe, kuma sai ya nema da kansa. A saya masa ƙaramar buta da silifa, a ce nasa ne. Kada a bar shi da baƙo a wurin, ko da minti ɗaya.

Addu'a ba sai ka ƙaryata ta ba. Abin da ka ƙara shi za ka janye. Ka ce masa Kaka ya yi kuskure, ba mai leƙe a rami, kyankyaso ne, kuma silifa ma tana korarsa. Ka ce addu'ar nan gaya wa Allah muke yi ya tsare mu, kamar bisimillar cin abinci. Bayanin aljanu ya jira shi a makarantar allo. Fitsari a tsaye kuwa, kana da gaskiya a kan tsarki, amma ka bar wannan rigima tukuna. Wanda ya saba da tsuguno a fo ba zai yi wuyar dawowa ba.

Yanzu mai ɗacin. Baba, kada ka sake riƙe yaron nan a kan masai kai kaɗai. Ranar da jiri ya kayar da kai, ku biyu za ku faɗi. Wannan aikin na Salamatu ne a ranar da ba ta fita kasuwa, ko Sulemana in yana gari, don namiji ƙarami ya fi saurin koyi da ubansa. Jirin ma a je a auna jininka.

Kuma ka gaya mata duka. Na fahimci tsoronka, kaɗaici ba wasa ba ne. Amma ka dube ta ita ma: tana tsaye a kan tukunya tun asuba, zuciyarta na wurin ɗan da take zaton an yi masa baki. Rashin sanin dalili ne ya sa take tunanin Kotobabi. In ta ji tsoro ne kawai, da wuya ta ƙi ba ku lokaci. Wataƙila ta yi fushi na yini ɗaya, ka bar ta ta yi, haƙƙinta ne. In kuma ta ga a raba kwanakin, wasu a wurinka wasu a wurin Hajiya Memuna, ka karɓa hannu biyu. Gwiwoyinka za su huta, shi kuma zai dawo maka da labarai.

Kada ka jira ƙarshen wata. Yau da la'asar in ta zo ɗaukarsa, ka ce ta ajiye kwanukan ta zauna. In bakin ya yi nauyi, miƙa mata wannan shafi ta karanta da kanta.

Allah ya raya Idrisu, ya yi wa Salamatu da Ƙaltume albarka, ya bar mana kai cikin ƙoshin lafiya.

Hajiya Asana