Buhun da Inna ta bari a asibiti

Daren Laraba, Wagini

Yau na mai da Inna asibiti, wurin masu binciken da ke bin lafiyar matan da aka yi wa aikin yoyon fitsari. Sun gwada fitsarinta, suka ce lafiya lau, ɗinki ma ya kama.

Tun haihuwar autarmu ba ta zama ko'ina sai ta shimfiɗa tsohon buhun taki, kada ta jiƙa wa mutane tabarma. Muna bisa mashin na ce, "Inna, kin manta buhunki a benci."

Ta ce, "Ban manta ba."

Da magariba ta yi salla a kan dardumata, kuma har yanzu tana zaune tana jan carbi. Ban tashe ta ba. Na yi isha'ina bisa zane.