Farin Wada

Asabar, 30 ga Agusta, 1975
Malam Ilu, malamin makarantar nan mai neman auren ƙanwata Larai, yau bayan magariba na gan shi a bayan gari da madubin hangen nesa, ya fuskanci arewa. Arewa da Maigatari me ke akwai in ba Nijar ba? Wa yake jira?

Litinin, 1 ga Satumba
Ilu ya zo zance, takarda ta faɗi daga aljihunsa. Na karanta, Allah ya yafe mini. "Farin wada yana satar kayan maƙwabcinsa. In nauyi ya yi masa yawa sai ya rufta ya fashe. Daga nan ƙarfe ke fitowa, wataƙila har zinariya."
Wada Fari dillalin shanu! Shi kaɗai ne farin Wada a garin nan, kuma kullum yana tsallake iyaka. Sata, zinariya, fashewa.

Talata, 2 ga Satumba
Na ce wa Kawu a dakata da sa rana. Larai ta ƙi tuwo.

Alhamis, 4 ga Satumba
A kara, kasuwar shanu, Wada ya miƙo mini hannu, na yi kamar ban gani ba. Na lura da aljihunsa, ya yi nauyi. Goro ne ya ciro, amma dai.

Juma'a, 5 ga Satumba
Bayan magariba na tare Ilu a bayan gari da takardar. Ya yi dariya har da hawaye, raina ya ɓaci. Wai tauraro ne, ɗan ƙarami, fari, shi ya sa masana ke ce masa wada, darasin yara yake fassarawa. Ya miƙo madubin: "Yaya, duba can. Kwana goma da suka wuce babu shi." Na ga wani ɗigo. Ya ce wannan tartsatsi ne kawai, ba babbar fashewar ba.
"To zinariyar fa?"
"Ita ko masanan ba su tabbatar ba tukuna."
Aƙalla bai cika baki ba. Larai kuwa cewa ta yi, "Yaya, ka hana ni aure saboda tauraro?" Na ji kunya ƙwarai.

Asabar, 6 ga Satumba
Na aika wa Wada goro, ban ce na mene ne ba. Kawu zai sa rana bayan salla.
Har yanzu ban gama yarda da zancen Ilu ba. An fita duban watan azumi, kowa ya fuskanci yamma. Sai da Larai ta taɓa ni ta ce, "Yaya, ai ba a arewa wata ke tsayawa ba."