Ɓarin Kifin da Ya Rage Wurin Yaya

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya ke da aikinki. Mu ma lau, sai ƙafar Baba da ke ɗan tashi.

To Dakta, jarida ta iso. Direban tipa ne ya kawo ta, Baba ya sa aka yanke hotonki aka liƙa a falo saman rediyo. Duk wanda ya shigo sai ya tare shi ya nuna masa 'yarsa da kifin dutsen da ta gano. Har mai karanta mitar wuta bai tsira ba.

Wai ta gano! Sau uku na karanta ina neman inda aka ce wani ya ɗora kurfi, ƙarfen tsaga, a gefen falalen dutse, ya ji sautin ya canza, ya sassauta guduma har dutsen ya buɗe lafiya. Can ƙasa na ga an ce "wani ma'aikaci a wurin fasa dutse". To ni ne wanin. Shekara ashirin da biyu ina tsaga dutsen daɓe, tun ranar da Baba ya ce ɗaya ya kama guduma ɗaya ya yi karatu. Ni na aiko miki da kifin nan a nannaɗe cikin bargona. Ba zan ɓoye miki ba, abin ya ci mini rai.

Ki huta lafiya.
Yayanki

Yayana,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, a duba mini Baba da ƙafa.

Wallahi na faɗa wa ɗan jaridar sunanka har sau biyu, shi ya cire. Ka yi haƙuri.

Yaya, ina da roƙo. Da dutsen ya tsage biyu, ɓari ɗaya ka aiko. Kan kifin da jikinsa suna wurina, amma inda fiffikensa na gaba yake, gurbi kawai na samu. Ƙasusuwan sun manne a ɗaya ɓarin. Daga gurbin ina ganin alamar ƙashi ɗaya mai kauri, biyu na biye da shi, sai ƙanana a ƙarshe. Taɓa hannunka daga kafaɗa zuwa wuyan hannu, tsarin ke nan. Kifin nan ya haura shekara miliyan ɗari uku, a ruwa marar zurfi ya rayu, da alama yana dogara fiffiken a laka ya ɗago kai. Da irinsa ake bin sawun yadda masu ƙafa huɗu suka fito daga ruwa, kuma ba su da yawa a duniya. Sai dai gurbi ba hujja ba ne, sai an ga ƙashin.

Don Allah in yana nan ka ba direba.

Ƙanwarka,
Auta

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Yana nan ƙarƙashin gadona, ko ƙwarzane bai yi ba.

Ashe akwai abin da jami'a ke nema wurin mai guduma. Na taɓa hannun nawa kamar yadda kika ce, na kuma ɗaga dutsen a rana, na gan su: ɗaya, biyu, sai ƙanana. Na daɗe ina kallo.

Na kai wa Baba ya gani. Ko tabarau bai sa ba, ya ce in ba yarinya kayanta kada in ɓata mata aiki. Kayanta, kin ji.

Ba zan ba direba ba. Ranar da manyanku za su taru, ni zan shigo da shi a hannuna, a ɗauki hoton da ni. In Baba zai liƙa wani abu, ya liƙa mu biyu.

Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa. Na yi murna ƙwarai, ka zo, ranar sha biyu ga wata za a taru, ni zan tarbe ka a tasha.

Abu ɗaya: kada ka taɓa shi da komai. Ba ruwa, ba burushi, ba mai. Ka bar shi da dattinsa. Da allura muke tone irin wannan a ƙarƙashin madubin ƙara girma, yakan ci wata shida. Aiki ne na waɗanda suka koya.

Auta

Auta,

Bayan gaisuwa. Kada ki je tasha.

Kalmar nan taki ta "waɗanda suka koya" ita ta tsaya mini a wuya. Ni da dutse ke jin maganata, a ce kada in taɓa? Na dubi ɓarin, duk ƙasa ta dushe shi, na tuna naki a hoto yana ƙyalli. Na ce ba zan shiga gaban mutane da nawa kamar abin da aka tsinto a bola ba. Nufina ya fi naki kyau, gaskiyar ke nan.

Sai na yi masa abin da muke yi wa dutsen daɓe kafin a kai wa mai gida. Na zuba asid ɗin wanki, na bi da burushin ƙarfe. Ya yi kumfa, na ce datti ne ke fita. Da na ɗauraye, dutsen ya fito tas, fes, ban taɓa wanke mai kyansa ba. Ƙashin babu. Mai kaurin ya bar ɗan tabo, ƙananan sun bi ruwa zuwa kwata. Na durƙusa ina lalube a cikin kwatar da hannu.

Shekara miliyan ɗari uku yana kwance lafiya, ya haɗu da ni. Kin faɗa mini, kuma don kin faɗa na yi.

Yayanki

Yaya,

Na gaishe ka. Na yi kuka, ba zan ce ban yi ba. An soke taron, abin da zan iya rubutawa yanzu bai wuce "wataƙila" ba.

Na gaya musu ɓarin bai samu ba, ban ƙara komai ba. Baba kuma ka ce masa a wurina ya lalace. Ni zai yi mini faɗan kwana ɗaya ya wuce, kai kuwa gida ɗaya kuke.

Ƙanwarka

Auta,

Gaisuwa. Ban karɓi tayinki ba, ba zan bari ki fi ni har a nan ba. Na zaunar da Baba na gaya masa komai da bakina, na sunkuyar da kai ina jira ya zage ni, ko sandar ma ya ɗaga. Wallahi so nake ya yi.

Sai kawai ya ce, "Allah sarki, yarinyar nan. In za ka rubuta mata, ka tambaye ta ko tana samu tana cin abinci."

To, na tambaya.

Yayanki